Shirunmu: ladabi ne ko sakaci?

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai abin da muke gani a gidajenmu na Bune amma ba mu faɗa. Uwa ta kai wasu shekaru, sai fatarta ta bushe, ta yi ta susa, faso ya ƙi warkewa, cikin dare zufa ta karyo mata ko da hunturu ne. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, mu wuce.

Abin yana da dalili. Yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin sinadarin istirojin yana raguwa a jiki, kuma shi ne ke taimaka wa fata ta riƙe ruwa da kauri. Da ya ragu, fata sai ta yi siriri, ta saki, rauni ya daɗe bai warke ba. To, ƙara mata ranar Gure, da iskar hunturu mai rairayi, da wankin da ba ya ƙarewa.

An ce ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne. Ni ban yarda ya tsaya nan ba. Kunya abu ne mai kyau, ita ta hana mu ɗaga wa manya murya. Amma kunyar da ta bar mahaifiya tana zaton jifa aka yi mata, ta kwashe ƴan kuɗinta ta kai wa boka, wa ta amfana? Wata kuma, don gudun gorin kishiya, ta koma man bilicin, alhali irinsa mai ƙarfi yana ƙara sirantar da fatar da dama ta yi rauni.

Ba cewa nake yi ka zauna gaban Inna ka buɗe zancen al'ada ba. Hanyoyi na da yawa. Sayo mata man kaɗe ta shafa bayan wanka. Karɓi wankin. Ke da kike lakwal, faɗa wa Gwaggo abin da kika karanta, ita ta san yadda za ta isar. In ƙaiƙayi ya hana barci, a raka ta likita.

Hannun da ya yamushe ɗin nan shi ya yi mana daka. Ladabin da bai rage masa zafi ba, a ganina, da sauransa.