Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Ƙidayar Kwanaki

Kwanan baya mun kai ziyara wata ƙaramar ekklesiya a ƙauye. Muka tambayi yaran Makarantar Lahadi yaushe ne Kirsimati. Wani ya ce in an gama yankan dawa. Bai yi kuskure ƙwarai ba, amma ko ɗaya cikinsu bai san 25 ga Disamba ba. Abin da ya fi damunmu shi ne, wata yarinya ta ce ta yi fashin sujada sau biyu, gama ta kora awaki daji ba ta san ran Lahadi ce ba. Laifin nan na iyaye ne da mu shugabanni.

Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya sa rana da wata a sama a rana ta huɗu domin su raba mana lokatai. Ashe ƙidayar kwana aikin Ubangiji ce tun kafin a gina makaranta.

Ku nemi kwali mai faɗi, ku bar yaron ya ja layi da hannunsa, gida bakwai a jere. Kada uba ya karɓe fensir don layin ya karkace. Abin da yaro ya yi da kansa ba ya mantawa. Ya rubuta Lahadi da ja, sa'an nan Litinin har Asabar. Ku gaya masa sunayen nan daga Larabci suka zo, yawancinsu ƙidaya ce: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Jumma'a ranar taruwa ce, Asabar kuwa 'yar'uwar kalmar Asabaci ce. In akwai Ladi ko Talatu ko Ɗanjuma a gidan, ya sa sunansa ƙarƙashin ranarsa. Kowace safiya bayan addu'ar iyali, yaro ɗaya ya soke kwanan jiya.

Watanni sun fi wuya. Yaro ya dunƙule hannu, ya ƙidaya tudu da kwari a bayan yatsunsa. Janairu tudu, kwana 31; Fabrairu kwari; Maris tudu, haka har Yuli. Sai ya koma tudun farko da Agusta. Kwari duka kwana 30 ne, sai Fabrairu mai 28, wanda yakan sami 29 kusan kowace shekara huɗu, kamar 2024.

Yara za su tambaya don me Kirsimati ke tsaye wuri ɗaya, Ista kuwa tana yawo. Kada ku kore su. Ista tana bin wata: Lahadi ce ta farko bayan cikar watan da ya zo daga 21 ga Maris. A 2024 ta faɗi 31 ga Maris, a 2025 kuwa 20 ga Afrilu. Haka kuma shekarar maƙwabtanmu Musulmi kwana 354 ce ko 355, shi ya sa Sallah take matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. Yana da kyau yaro ya rubuta ranar, ya san lokacin zuwa yi wa maƙwabta barka.

Yarinyar nan mai awaki, mun bar mata kwali da jan fensir. Mai bisharar ƙauyen ya aiko mana cewa yanzu ita ce ke tashin uwarta ran Lahadi da asuba.