Ɗan Tsako da Ɓawon Ƙwai: Fita Butulci Ce?



Akwai rigimar da ba ta ƙarewa a rumfunanmu na nan kudu, daga Mile 12 har Sabon Ibadan. Yaro ya shekara takwas ko goma a hannun maigida, ya iya ciniki, ya san masu kawo kaya, rana ɗaya ya ce zai buɗe nasa. Maigida ya ce butulci ne, yaro ya ce an danne shi. Wa ke da gaskiya? Kafin mu yanke hukunci, mu leƙa cikin ƙwan da kaza ke kwanci a kai.

Kwana 21 ɗan tsako yake yi kafin a ƙyanƙyashe shi, kuma yana fitowa da ƙashi mai ƙwarin da zai tsaya a kai. Ƙashi ba ya ginuwa sai da sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a alli da farar ƙasa. To ina ya samo shi, alhali ba abin da ke shiga ƙwan sai iska? A kwana goma na farko gwaiduwa ce ke ba shi, amma nata kaɗan ne. Daga nan sai wani tantani mai cike da jijiyoyin jini ya yaɗu ya manne da ɓawon ta ciki. Tantanin nan yana fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon sannu a hankali, jini ya ɗebi kalsiyam ɗin ya kai wa ƙasusuwa. Bitamin D da uwa ta ajiye a gwaiduwa shi ke taimakon wannan jigila. Idan babu shi, ɗan tsako ya kan mutu a ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikinsa daga ɓawo ne. Wani ma sai ya adana shi a gwaiduwa, guzurin kwanakin farko bayan fita.

Ɓawon kuma daga ina? Kaza na ɗaukar kimanin awa 20 tana gina shi, da kalsiyam wajen giram biyu. Idan na abinci bai isa ba, daga ƙashinta take cirowa. Shi ya sa masu gidan kaji ke zuba garin ƙashi ko farar ƙasa a abincin masu ƙwai.

Ku lura da abu guda. Cin da ɗan tsako ke yi wa ɓawo shi ne ke rage masa kauri, har ya iya fasa shi da ɗan tsinin da ke kan bakinsa. Ciyarwar da buɗe ƙofar aiki ɗaya ne. Ƙwan da aka gama kwanci ya fito sumul ba tsaga, sunansa baragurbi, ba mai yabonsa. Maigidan da yaronsa ya shekara ashirin a rumfa, ga mata ga 'ya'ya, amma ba shi da jarin ko kwando ɗaya, bai kamata ya kira wannan riƙo ba. Duk wanda ya koya wa yaro sana'a, tun ranar farko ya fara shirya fitarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka fita kaɗai ba ta zama butulci.

Amma kada yara su yi saurin murna, ƙwan yana da magana da su ma. Na farko, ɗan tsako ba ya kwasar ganima. Cikin giram biyun nan, abin da yake ɗauka bai wuce kamar kashi ɗaya cikin ashirin ba, ɓawon kuma yana nan yana kare shi har ranar ƙarshe. Yaron da ke tara jari da kuɗin cinikin maigida a ɓoye, ko yana janye masa abokan ciniki tun yana cin tuwon gidansa, ya wuce gona da iri. Na biyu, lokaci. Ƙwan da ya fashe a kwana na 12 gawa ce a ciki. Wanda ya ga riba sau biyu ya ɗauka ya gama sanin kasuwa, bashi zai koya masa sauran.

Wani zai ce: ai ɓawo ba ya jin zafi, ba ya tsufa, ba shi da iyalin ciyarwa. Gaskiya ne, kuma a nan misalin ya tsaya. Ɗan tsako na barin ɓawo bai waiwaya ba, har Bahaushe ya yi masa kirari da samu ka ƙi dangi. Maigida kuwa mutum ne, kamar kazar nan, daga ƙashinsa ya cira ya gina ka. Ranar da ƙarfinsa ya ragu ko kayansa suka ruɓe a hanya, yana da haƙƙi a kanka: gaisuwa, ziyara, turo masa ciniki, tallafi ba sai ya roƙa ba.

Shawara ita ce a yi maganar sallama tun ranar ɗaukar yaro, a gaban Sarkin Hausawa ko dattawan kasuwa: shekara nawa, jarin nawa, a rubuta. Maigida ya sallama da hannunsa, yaro ya fita ta ƙofa da rana tsaka.

Allah Ya sa mu rabu lafiya da waɗanda muka zauna da su lafiya. Juma'a mai albarka.