Raɗa Suna Ɗaukar Amana Ne

A kurmin ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama akwai wani dangin furanni da ake kira okid. Irinsu da aka sani sun kai kimanin 28,000, har da banila da ake sa wa kek don ƙamshi. Da yawansu a kan rassan itatuwa suke tsiro, 'ya'yansu kuwa kamar ƙura suke don ƙanƙanta. Kowace shekara masana tsirrai suna samun waɗansu da ba a taɓa rubuta su ba, su raɗa musu suna. Abin da za mu duba shi ne: wanda ya ba halitta suna, wane hakki ne ya hau kansa?

Aikin na masu haƙuri ne. Masani yakan busar da samfurin furen, ya gwada shi da waɗanda aka adana a manyan ma'ajiyoyi irin na Kew a Landan, ya kuma binciki ƙwayoyin halittarsa. In ya tabbata baƙo ne, sai ya ba shi suna biyu da Latin, na dangi da na kansa, bisa tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753.

Sanin nan yana koya mana tawali'u. A 1862 Charles Darwin ya ga wani farin okid na Madagaska mai bututu kusan santimita 30, ruwan zaƙinsa yana can ƙurya. Ya ce lalle akwai ƙwaro mai dogon harshe da ke sha daga ciki. A 1903 aka bayyana wani malam-buɗe-littafi na dare mai irin wannan harshe, amma sai a 1992 aka gan shi yana sha. Tun kafin ɗan Adam ya sani, furen da ƙwaron suna rayar da juna a cikin duhu.

To, amma suna yakan jawo masifa. A 2010 aka bayyana wani sabon okid a dazukan duwatsun arewacin Biyetnam, aka kira shi Paphiopedilum canhii. Da labari ya bazu, cikin 'yan watanni fatake suka kwashe kusan dukansa don sayarwa. Abin da ɓoyo ya kiyaye shekaru aru-aru, shela ta kusa ƙarar da shi.

Ashe gara a yi shiru? Mu dai ba mu ga haka ba. Tsiron da ba shi da suna ba ya shiga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Ana sare kurminsa, ba wanda zai san an yi hasara. Maganin shi ne a faɗi gaskiya tare da hikima, shi ya sa waɗansu masana sukan bayyana furen, su ɓoye ainihin wurin da yake.

Littafin Farawa ya nuna mana Adamu yana ba dabbobi suna, a cikin gonar da aka sa shi ya noma ya kuma kiyaye. Haka yake a gidajenmu: ranar da uba ya raɗa wa jariri suna, ranar ce ya ɗauki nauyin cinsa da tarbiyyarsa a gaban jama'a. Masanin da ya sami ɗaukaka saboda fure, bashin tsaron kurminsa yana wuyansa, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma mun san sunayen itatuwa da saiwoyin magani a dazukanmu, mun san inda suke. Kafin mu nuna wa mai saye hanya, mu tuna cewa za a tambaye mu. Allah ya sa mu zama amintattun masu riƙon abin da ya halitta. Amin.