Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa

Idan Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba gona ko garke ne kaɗai a ransa ba. Dukiya ko ɗan banza yana samun rabonsa ranar rabon gado. Abin yabo shi ne a ga halin yaro a ce wannan ɗan wane ne, tun bai faɗi gidansu ba.

Kirista kuwa duk lokacin da ya fara Addu'ar Ubangiji, Uba yake kiran Allah. To, wanda ya kira Allah Uba ya ɗauki nauyi, domin maƙwabta za su duba ko akwai kama. A Matiyu sura 5, Yesu ya nuna halin Uban da rana da ruwan sama: gonar mugu da ta mai kirki tare suke jiƙa. Waɗanda suka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950, sun fahimci wannan. Mai yanar ido ko mace mai naƙuda ba a tambayarsu addini kafin a duba su.

Amma inda karin maganar nan ta fi kama ni shi ne misalin 'ya'ya biyu a Luka sura 15. Ƙaramin ya nemi rabonsa uban yana da rai, wanda kusan daidai yake da fatan mutuwarsa. Ya tafi wata ƙasa mai nisa ya ɓatar da komai, har ya koma kiwon aladu. Da yunwa ta koro shi gida, uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Dattijo mai bayi da dukiya yana gudu a gaban jama'a! Girmansa ya ajiye don kada yaron ya shigo gari shi kaɗai cikin kunya. Aka kawo riga da zobe da takalmi, aka yanka maraƙin da aka yi kiwo.

Babban wan fa? Bai taɓa barin gida ba, bai taɓa ƙin aike ba. Ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga. Ko ƙanena bai iya cewa ba, sai ya jingina yaron ga uban kawai. Shekara da shekaru yana cin tuwo ɗaya da mahaifinsa, amma zuciyar mahaifin ba ta shige shi ba. Shi ma sai da uban ya fito waje yana lallashinsa. A ganina, yawancinmu masu zuwa sujada kowace Lahadi mun fi kama da wannan wan.

Dubi abin da kan faru idan yarinya ta yi ciki ba aure. Dattawan ikilisiya su sa ta horo, ta koma kujerar baya. Horo yana da wurinsa, ban ƙi ba, domin uba ma yakan tsawata. Abin da ke ci mini rai shi ne bayan ta tuba an karɓe ta a gaban jama'a, sai horon mutane ya fara. Iyaye su hana 'ya'yansu mata tafiya da ita, a ƙungiyar mawaƙa a riƙa raɗa, ranar suna kowa ya sami uzuri. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara daga nan suke daina zuwa coci, kuma ba mai bin sawunsu.

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Matan zumunta sun saba kai abinci gidan makoki da gaishe da marasa lafiya. Su sa gidan yarinyar nan cikin zagayensu, da sabulu da zanen goyo. Matar fasto ta zauna kusa da ita ranar Lahadi, kowa ya gani. Dattijon da ya sanar da horon kuma, shi ya kamata ya fara ɗaukar jaririn.