Alhakin Wa, Idan Na'urar Tiyata Ta Yi Kuskure?

Tun zamanin da, likitan fiɗa da yatsunsa yake gane ciwo. Idan ya buɗe cikin majiyyaci sai ya lalluba, inda ya ji nama ya yi tauri ya san nan ƙari yake. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya bayyana kayan fiɗa kimanin 200 a littafinsa At-Tasrif, kuma dukansu a hannun likita suke aiki.

A shekarar 2000 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar tiyata mai suna da Vinci. Likita yana zaune gefe yana duban majigi, hannayen ƙarfe suna aiki ta 'yan ƙananan huduji. Rauni ya ƙanƙanta, amma yatsa ya daina taɓa nama. Saboda haka aka ƙera 'yan ƙananan na'urori masu shiga ciki su kawo labari. A tiyatar ƙoda akan ɗora wata bisa ƙodar, ta aika sauti, amonsa ya nuna iyakar ƙari. A 2024 kuma aka fito da da Vinci 5, wadda ke sa likita ya ji ƙarfin da yake danna nama da shi.

To, idan na'ura ta nuna ƙari ya ƙare alhali da saura, alhakin wa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida. Likita gwani wanda aka yi wa izini, bai kuma yi sakaci ba, babu lamuni a kansa. Wanda ya yi magani ba da sani ba, shi ke ɗaukar abin da ya ɓata. Na'ura kuwa ba ta da hankali balle niyya, don haka ba a ɗora mata laifi. Ashe ke nan sanin na'urar da iyakarta ya shiga cikin ilmin da ya wajaba a kan likita.

Wani zai ce an nauyaya masa, tun da ba shi ya ƙera ta ba. Amma ai mai awo a kasuwa ba shi ya ƙera sikeli ba, duk da haka wajibinsa ne ya tabbatar daidai yake kafin ya auna wa mutane. Idan kuma maƙerin ya san aibi ya ɓoye, ya yi algus, alhakin ya hau kansa. Haka nan izinin majiyyaci bai cika ba sai an gaya masa da me za a yi masa aiki.

Wanda aka sa wa maganin barci ba ya iya kāre kansa. Ga mutum ya miƙa amanar ransa, kuma mutum za a tambaya ranar gobe. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.