Me Ya Sa Ake Ba Wa Mai Kisa Lauya?

A watan Janairun 2022, lokacin da aka gano gawar Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar a Kano, kuma mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya amsa cewa shi ya kashe ta, tambaya ɗaya ce a bakin mutane: me ake jira? Ga gawa, ga iƙirari, mene ne amfanin lauya da shaidu?

Fushin halas ne, amma tambayar tana da amsa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Dole a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shirya kariya, ya samu lauya, ya kuma yi wa shaidu tambayoyi. Sashen bai ware wanda jama'a suka tsana ba. A shari'ar Musulunci ma, mai da'awa ne ke kawo hujja.

Dubi yadda shari'ar ta ƙare. Mutum uku aka gurfanar. A watan Yulin 2022 Babbar Kotun Kano ta yanke wa biyu hukuncin kisa, ta ukunsu kuwa ɗaurin shekara biyu. Da an miƙa su ga jama'a ranar da aka kama su, da ukun duka sun mutu. Kotu ta auna wa kowa gwargwadon abin da ya aikata, abin da fushi ba ya iya yi.

Akasin haka muka gani a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda gungun mutane suka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida bikin Sallah, bisa zargin garkuwa da mutane. Waɗanda suka kashe su ma sun sakankance cewa masu laifi suka kama.

Sakankancewa ba hujja ba ce. Idan muka yarda a hana mutum shari'a don mun tabbata shi mugu ne, mun ba wasu damar yi wa namu haka ranar da su ma suka tabbata. Dokar da ta sa aka saurari Abdulmalik ita ce da ta ceci mafarautan, da an bari ta yi aiki.