Tafinta Ma Yana Da Rabo A Cikin Hukunci

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan ana maganar gyaran shari'ar masu laifi, kowa alƙali yake kallo. Mu kuwa yau muna son mu duba mutumin da ke tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, wato tafinta.

Kundin hukunta laifuka na ƙasarmu na shekarar 1961 da Faransanci aka rubuta shi, kuma da shi ake rubuta bayanin da mutum ya yi a gaban jandarma ko ɗan sanda. Manomin da aka kawo daga ƙauyukan Maraɗi ko Damagaram da Hausa zai yi magana, ya dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa. Abin da tafinta ya faɗa, shi alƙali zai ji.

Ku dubi kalmomi uku: rance, aro, ajiya. Wanda ya ci rance ya kasa biya, bashi ne a kansa, sai a bi shi bashi. Wanda aka ba ajiya ko aro ya cinye, wannan cin amana ne, gidan kaso ke jiransa. To, idan tafinta ya zuba su a kwarya ɗaya fa? Magidanci ya kwana watanni yana jiran shari'a, damina ta wuce, gonarsa ba a shuka ba. Mun sha jin iyalai suna kawo irin wannan kuka bayan sallar Juma'a, kuma sau da yawa babu mugun nufi, ƙarancin sani ne kawai.

A hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya gargaɗi masu husuma cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, alhali shi yana hukunci ne da abin da ya ji. Idan Manzon Allah ya ji tsoron wannan tsakanin masu harshe ɗaya, ina ga masu harshe biyu? Kuma shi ne ya umurci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, domin kada ya dogara ga wanda bai amince da shi ba. Horar da tafinta ke nan tun a Madina.

An yi babban taron ƙasa kan harkar shari'a a Yamai a 2012, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Sai dai ayyanawa ba ta juya ayar doka ko ɗaya. Muna roƙon mahukunta su sa tafintoci a makarantar horar da ma'aikatan shari'a, a jarraba su, a ba su albashin da zai hana su miƙa hannu, a kuma rubuta ƙamus na kalmomin shari'a. Mu ma malaman da muka karanta Risala da Muhtasar muna da kalmomin a hannu. Idan aka kira mu zaman wannan ƙamus, za mu zo da littattafanmu.